Tabon Yatsan Inna

Yanzu idan na zauna a tsakar gidan ɗana a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, muryar da nake ji daga kicin ba ta kowa ba ce a gidan. Wata mata ce da ban taɓa gani ba, tana cikin wayar jikata, an jingine ta da gwangwanin gishiri, tana cewa a zuba cokali biyu, a jira minti biyar, a juya. Idan yarinyar ba ta ji da kyau ba sai ta sa yatsa ta mayar da ita baya, matar ta maimaita, ba fushi ba gajiya, wani lokacin har sau huɗu. Ina jin ta ina tuna uwar da ta haife ni, wadda sau ɗaya tak ta so ta gaya mini wata magana a bakin murhu, na katse ta, ba ta kuma sake ba har ta koma ga Mahaliccinta. Maganar a kan miyar sure ce. Na san za a ce tsohuwa ta rasa abin yi wa kuka sai miya. To, a ce. Yayana ya roƙe ni miyar nan yana kwance ciwon ajali, ban iya ba shi ba, kuma ni na jawo.

A Argungu aka haife mu, ni da shi, mu biyu kaɗai muka rayu cikin 'ya'yan Inna. Gidanmu na kusa da gulbi. Baba masunci ne, Yaya kuwa tun tasowarsa yake bin sa da gora da homa, ragar kamun kifi. Abin da ya fi zauna mini daga zamanin nan sauti ne: taɓarya na amsa taɓarya daga gida zuwa gida, wuƙa na kankare ɓawon kifi, karan dawa na fashewa cikin wuta, tukunyar ƙasa na ɓararraka a hankali. Inna da kunne take girki. Tana can tana shara a ƙofar ɗaki sai ta ɗaga kai ta ce, "Rage wuta, ta ƙoshi da ruwa," ba tare da ta leƙa tukunyar ba. Gishiri da yatsu uku take ɗiba, daddawa kuwa sai ta shinshina tukuna ta san nawa za ta gutsura. A gefen murhunta akwai 'yan ƙoƙuna huɗu ko biyar a rufe da faifai, kowanne da ruwan wani abu da ta jiƙa. Na gan su sau dubu. Ban taɓa buɗe ko ɗaya na tambaya ba, don yaro gani yake abin da ke gidansu yana nan har abada.

Sure, wanda mutanen gabas ke ce wa yakuwa, kowane gida ana yin miyarsa, amma ta Inna daban take. Da tarwaɗa busasshiya take yi, a ci da tuwon shinkafa. Tsamin yana nan bai mutu ba, sai dai ba ya kama haƙori, kuma ɗanɗanon kifin na biyo bayansa ya daɗe a maƙogwaro. Yaya mutum ne mai surutu, Allah ya jiƙansa, ko a cikin kwalekwale Baba kan ce ya rufe baki yana korar kifi. Yana ci yana magana, yana alwala yana magana. Abu ɗaya ne ke rufe masa baki a duniya, shi ne miyar nan. Da an ajiye masa kwanon sai ka ji gidan tsit. Ba ya cewa ta yi daɗi, ba ya cewa an gode, sai ya sunkuyar da kai har ya gama, ya zuba ruwa a kwanon ya kaɗa ya shanye. Inna kan kalle shi ta ce, "Yau kam mun huta."

Da aka ce kowace unguwa ta ba da ɗiya mace makaranta, sai abin ya faɗo kaina. Aka kai ni makarantar kwana ta 'yan mata a Birnin Kebbi, ina ƙarama, ko tuƙin tuwo ban gama iyawa ba. Can na haɗu da girki na ƙa'ida, mai cokalin awo da agogo. Na kuwa yi fice, har a shekarar ƙarshe malamarmu ta ba ni kyautar littafin girki, bugagge, da Hausa, mai koren bango. Ban taɓa mallakar abin da na so kamarsa ba. Da za ta miƙa mini sai ta ce littafi ba ya zuwa kusa da wuta: a wanke hannu, a karanta a ɗaki, a haddace, a rufe, sannan a fita madafi. Na riƙe maganar nan kamar karatun allo. Na naɗe bangon da takardar siminti, na sa shi can ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin zannuwan Sallah. Tun daga lokacin Yaya ya laƙaba mini Malama don tsokana. Inna ba ta taɓa kira na da shi ba, ɗiyata kawai take cewa.

Da na zo hutu, Inna ta ji labarin littafin, sai ta ce in karanta mata. Ba ta san boko ba, amma tana son jin yadda aka yi miya ta shiga takarda. Nakan zauna a ƙofar ɗaki, nesa da hayaƙi, ina karantawa da ƙarfi, ita tana aikinta.

"Mi yac ce a sa?"

"Albasa ɗaya, Inna."

"Wace iri? Babba ta Aliero ko 'yar fadamar bayan gida?"

"Bai faɗa ba."

"To, bai sani ba ke nan. Shi wanda yar rubuta wanga abu, ya taɓa hura wuta kuwa?"

Sai ta yi ta dariya har tana riƙe ciki. Ni kuwa raina na sosuwa, don a ganina abin da aka buga a takarda ba ya kuskure, mutanen gida ne ba su waye ba. Kwana biyu muna haka, tana gyara littafin ina haɗiye fushi. Ko gyara ɗaya ban rubuta ba. Ta ƙaƙa zan sa biro a littafin kyauta?

Rana ta uku, da hantsi, tana kan miyar suren, sai ta ce in matso in karanta mata yadda shi ya ce a yi. Na matso ba da son raina ba, na tsuguna a gefen murhu, littafin a kan cinyata. Na karanta wankin ganyen, ta gyaɗa kai. Na karanta gyaran kifin, ta ce ba laifi. Sai na zo inda aka ce, idan ya tafasa a sa kanwa kaɗan don kashe tsami.

"A'a, a'a," in ji ta. "Ina wurin? Nuna min."

Ta saki ludayi ta leƙo. Karatu ba ta iya ba, so kawai take ta ga inda ɓatan yake da idonta. Na nuna mata layin, sai ta ɗora yatsanta a kai, yatsan da ta gama tsomawa cikin ɗaya daga ƙoƙunan nan.

"Nan ne yai ɓata. Ba kanwa ba, ɗiyata. Kanwa na kashe tsamin ta kashe kihin tare. Abin da aka sawa, sai ki samu..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na ga jiƙon yana bazuwa cikin farar takarda, na fizge littafin na miƙe ina kuka. Na ce ta ɓata mini littafi. Na ce ba a taɓa shi da hannun miya. Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na ce ai ba za ta san darajarsa ba tunda ba ta iya karanta ko baƙi ɗaya ba. Ni, da bakina, ga uwar da ta goya ni. Har yau idan na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Ba ta daka mini tsawa ba, ba ta mare ni ba, da ma ta yi. Ta dubi yatsan nata, ta goge a gefen zane, ta ɗauki ludayinta. Ta ce, "Yi haƙuri, Malama."

Na shige ɗaki na yi ta dirzar wurin da abin goge fensir har takardar ta kusa hujewa. Tabon bai fita ba, ya zauna ruwan ƙasa-ƙasa, daidai faɗin kan yatsa, a kan kalmar kanwa. Kafin la'asar hankalina ya dawo, na je na durƙusa na roƙi gafara. Ta ce ba komi, ta yafe duniya da lahira, na kuma yarda ta yafe ɗin. Amma ba ta sake cewa in karanta mata ba, ni ma kunya ta hana ni tayar da zancen. Na yi aure, na zama malamar girki da gaske a Birnin Kebbi, shekara da shekaru ina koya wa ɗiyan mutane awo da cokali. Duk zuwan da zan yi gida miyar na jira na. In na daɗe ban je ba ta ba da ita a kwano a kawo mini a motar kasuwa. Me zai sa in koya, ga mai yi? Sau biyu ko uku na je na tsaya mata a bakin murhu da niyyar in sa ido, sai ta ce, "Tahi ki huta, hayaƙi ba shi da kyau ga idon mai karatu." Ko girmama ni take yi, ko ciwon ne bai warke ba, Allah ne masani. Ina ta cewa wani zuwan zan tambaya. Wata damina zazzaɓi ya kama ta, kwana uku aka yi, kafin in iso an kai ta makwancinta. Matan da suka share madafin sun zubar da ruwan ƙoƙunan sun kife su.

Ni dai na ci gaba da yin sure da kanwa, yadda littafi ya ce. Maigidana ya ci har ya bar duniya bai taɓa ƙorafi ba, 'ya'yana suka tashi a kanta. Yaya ma in ya zo yakan ci, yana ci yana ba da labarin gulbi da farashin taki da wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Ba ya cewa komai a kan miyar, ni ma ba na tambaya. Mun tsufa a haka.

Bara aka kawo shi asibiti daga Argungu. Bayan 'yan makonni likitoci suka ce a koma da shi gida a yi ta addu'a, sai ɗana ya sauke shi a nan Gesse. Mutumin da ke ɗaga kwalekwale shi kaɗai ya koma ana juya shi a kan katifa. Abinci ya ƙi shiga. A kai kunu ya kau da kai, a kai farfesu ya ce a ba yara. Surutun ne kawai bai bar shi ba, ko da murya ta dushe. Wata safiya ina shafa masa mai a ƙafa sai ya ce, "Malama, kin iya miyar Inna?" Na ci gaba da shafa man. Ya ce, "Ita ɗai bakina ka so. Ko loma guda."

Na ce masa in sha Allah. Na fito na zauna a bakin famfo.

Jikata, wadda ke karatu a kwalejin kimiyya, ita ta same ni a wurin. Yarinya ce mai tausayi, ba ruwanta. Da ta ji abin da ake nema sai ta ce, "Haba Kaka, wannan ne ya tayar miki da hankali? Ai babu miyar da babu a waya." Ta buɗe manhajar girkinta ta yi ta jan yatsa. Na ga mata iri-iri, kowacce da kicin mai ƙyalli. Wata ta zuba gyaɗa, wata ta zuba kabewa, wata ta marmasa dunƙulen ɗanɗano har uku. Da an zo wurin tsami kuwa bakinsu ɗaya: kanwa. Na ce ba ita ba ce. Ta ce, "Kaka, mutum nawa za su haɗu su yi kuskure ɗaya?" Na tuna wata yarinya da ta taɓa yin irin wannan tunanin a bakin wani murhu. Na shiga ɗaki na ɗauko littafin.

Shekara nawa yana ƙasan akwati, amma in ka gan shi sai ka ce jiya aka saya. Ba mai, ba hayaƙi, ba rubutun hannu ko ɗaya. Na tsare shi da kyau, ban bar komai na gidanmu ya shiga cikinsa ba sai tabon nan guda. Yarinyar ta yi ta mamaki, ta ce bari ta ɗauke shi hoto kada ya lalace. Ta ɗauki shafin suren, ta danna wani abu, ta miƙo mini wayar tana murmushi.

"Duba Kaka, ta goge dattin da kanta."

Shafin ya fito fari fat. Kalmar kanwa ta fito raɗau, babu alamar wani ya taɓa musanta ta. Abin da na kasa yi da abin goge fensir ina kuka, waya ta yi shi kafin ƙiftawar ido. Na ji muryata ta fita da ƙarfi, "Mayar da shi!" Ta tsorata, ta mayar, ta ce, "Tabo ne fa kawai." Na ce na sani. Da ta fita sayo kifi na rufe ƙofa, na buɗe shafin, na yi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na sa harshena a kan tabon, ko zan ji abin da ke yatsan Inna ran nan. Tsohuwa da jikoki tana lasar takarda. Ban ji komai ba sai ƙura da warin akwati.

Washegari na sa aka kai ni Argungu. Unguwarmu ta canza, inda murhun Inna yake an yi shagon cajin waya. Cikin sa'o'in Inna mutum ɗaya na samu da rai, ido ya tafi, kunne saura kaɗan. Na yi ta ɗaga murya har ta gane ni. Ta ce ita dai da tokar karan gero take yi, wata maƙwabciyarsu kuma da tokar buntun shinkafa, amma kowa da hannunta. Na ce ta Inna fa? Ta ce, "Wa ya sani? Uwarki ba ta ɓoye ba. Ba a tambaye ta ba ne." Na dawo na ƙona karan gero na tace tokar, miyar ta yi ɗaci. Na gwada buntun shinkafa, ta yi lami. Na gwada bagaruwa, na gwada jiƙon kanya, abin da hankali bai ɗauka ba ma na gwada. Kowanne Yaya zai ɗanɗana a bakin cokali ya ce Allah shi yi albarka, ya kama labarin wani giwan ruwa da suka taɓa kamawa da Baba. Kullum ƙara ramewa yake yi.

Daga ƙarshe dabara ta ƙare mini. Na tsaya a kan tukunya, suren na tafasa, hannuna babu komai. Jikata na gefe da wayarta, duk abin da na ɗiba sai ta auna da cokali ta rubuta. Ta ce, "Kaka, ki sa kanwar kawai, ko ya samu ya ci wani abu." Na sa. Da hannuna na sa.

Aka tayar da shi zaune, aka jingine shi da filo. 'Ya'yansa da nawa sun cika ɗakin. Na gutsuri tuwo na shafo miya na kai masa baki. Ya tauna a hankali, ya haɗiye. Ya dube ni, ya ga idona. Sai ya buɗe baki.

"Ita ce, Malama. Ita ce sak. Kun ji tsamin? Haka Inna ka yin ta. Kai, yara, ku matso ku ɗanɗana, wagga ita ce miyar kakarku. Kin gani, ashe kin iya kika ɓoye muna shekara da shekaru. Ƙaro min."

Ya ci loma uku, yana ci yana yabo, bai yi shiru ba ko na numfashi ɗaya. Ɗakin ya kaure da hamdala, wata ɗiyarsa har da kukan murna. Ni kaɗai a wurin na taɓa ganin yadda yake cin miyar Inna. Ya roƙe ni abu ɗaya a duk rayuwarsa, na kasa, shi ne kuma ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya rufa mini asiri. Bayan kwana huɗu, da la'asar, ya cika.

Kafin a yi sadakar bakwai jikata ta tura abin da ta rubuta ga dangi duka, na Sakkwato da na Kaduna da waɗanda ke ƙasashen waje. Ta nuna mini yadda ta tsara shi da kyau, har da hoton tukunyar. A sama ta rubuta Miyar Inna ta Argungu. Na sa tabarau na bi layi-layi har na zo wurin: idan ya tafasa, a sa kanwa kaɗan. Abin da Inna ta ɗora yatsa ta ƙi, shi ke yawo yanzu da sunanta, a wayoyin jikoki da tattaɓa-kunnen da ba su san fuskarta ba, kuma wannan ba ya tsufa, ba ya yagewa, gara ba ta cin sa. Na sha buɗe baki in faɗi gaskiya. To in na faɗa, na ƙaryata maganar ƙarshe da Yaya ya bar wa 'ya'yansa, kuma in suka ce to mene ne ake sawa, me zan ce musu?

Juma'ar da ta wuce yarinyar ta shiga kicin tun hantsi, wayar a jingine da gwangwanin gishiri. Wannan karon ba muryar baƙuwa take bi ba, rubutunta take dubawa. Bayan an sauko daga masallaci ta kawo mini kwano ta durƙusa, gumi na bin goshinta.

"Kaka, ga miyar Inna. Ni kaɗai na yi. Ta yi?"

Na wanke hannu na kai loma. Tana kallon bakina. Na ce ta yi. Na yabi kifin, na yabi tsamin, na yabi hannunta, na yi ta surutu har tuwon ya huce.